Ta inda ya kamata ka fara karanta James Hadley Chase

Kwanakin baya ɗan yayata ya zo hutu, yana ta dube-dube a ɗakina wai caja yake nema, sai ya ci karo da tsohon akwatin ƙarfen da nake turawa ƙarƙashin gado. Ya buɗe ya ga littattafan Chase jibge sun fi hamsin, wasu bangon ya tafi, wasu an ɗinke su da zare da allura, wasu kuma gara ta ɗan lashi gefensu. Ya ɗago ɗaya yana dariya ya ce, "Kawu wannan wane irin karatu ne haka, mace da bindiga a bango?" Na ce masa ajiye wannan tukunna, ba da shi ake farawa ba. Ya ce to da wanne? Wallahi sai da na yi shiru na ɗan lokaci, don mutumin nan ya rubuta littafi wajen 90, kuma in ka kama ta inda bai dace ba to daga na farko za ka wurgar ka ce ashe shirme ne manya suke ta zuzutawa. Abin da na gaya masa ranar, da wanda na tuno bayan ya tafi, su ne na haɗa a nan.

Ka fara sanin waye mutumin, don akwai abin dariya a ciki. Sunansa na gaskiya René Lodge Brabazon Raymond, Bature ne ɗan Ingila, an haife shi a Landan ranar 24 ga Disamba 1906, babansa kanar ne a sojan Birtaniya na Indiya. Yana shekara 18 ya bar gida ya shiga tallan littattafai, har gida-gida ya bi yana sayar da kundin ilimi na yara, daga baya ya yi aiki da dillalan littattafai masu sari. To a nan ya gano abin da mutane ke zare kuɗi su saya, ya ga labaran 'yan daban Amurka su ke tafiya a kasuwa kamar ƙosai da safe. Sai ya nemo ƙamus na zaurancen Amurkawa da taswirori, ya zauna a Ingila ya rubuta labarin da ke faruwa a Amurka alhali ƙafarsa ba ta taɓa taka ƙasar ba. Ana cewa a ƙarshen mako shida ya gama shi. Wannan shi ne No Orchids for Miss Blandish, 1939. Ko bayan ya yi suna ma ɗan leƙa Amurkan kawai ya yi, zamansa Faransa ne daga 1956, sannan Suwizalan, a can ya rasu ranar 6 ga Fabrairu 1985. Mu kuwa a makarantar kwana rantsuwa muke yi ɗan Amurka ne, har da masu cewa tsohon ɗan fashi ne da ya tuba shi ya sa ya san sirrin sana'ar. Ashe soja ne ma na sama lokacin yaƙin duniya na biyu, kuma aikin mujallar rundunar ya yi.

Abu mafi muhimmanci da zan gaya maka, wanda in ka riƙe shi sauran duk mai sauƙi ne: kar ka shigo da tambayar "wa ya yi kisan?" Wannan gidan Agatha Christie ne, marubuciyar labaran binciken kisa, ita ce za ta tara maka mutum goma a falo ta bar ka kana canki-canki har shafin ƙarshe. A mafi kyawun littattafan Chase kai da mai laifin kuke tare tun farko, sau da yawa ma shi ke ba ka labarin da bakinsa. Kuma ba wani riƙaƙƙen ɗan ta'adda ba ne, mutum ne kamar ni da kai, mai albashin da ba ya kai ƙarshen wata, ko bashi ya yi masa katutu, ko kuwa ya ga matar wani idonsa ya rufe. Sai wata ƙofa ta buɗe, a ce masa ai abu ne mai sauƙi, dare ɗaya ne, babu wanda zai sani. Daga nan kai aikinka ka zauna ka ga yadda igiya ke zarge wuyansa a hankali, kana jin tsoro a madadinsa, kana cewa kai bawan Allah ka tsaya haka nan mana, shi kuwa yana ƙara nutsewa. Hausawa sun gama magana da suka ce kwaɗayi mabuɗin wahala, Chase ya ɗauki wannan karin maganar ya yi ta juya ta shekara 45 bai gaji ba, mu ma ba mu gaji ba.

Don haka ni shawarata ka fara da Tiger by the Tail na 1954. Ken Holland ma'aikacin banki ne, mutumin kirki, yana son matarsa, sai ta yi tafiya wajen mahaifiyarta ta bar shi shi kaɗai a gida, kaɗaici ya ishe shi. Wani abokin aikinsa, irin abokan nan da kowa ke da guda ɗaya a ofis, ya yi ta zuga shi har ya ba shi lambar wata mace. Ya yi ta kokawa da zuciyarsa, ƙarshe ya buga waya. A daren nan aka kashe matar yana cikin gidan, kuma ba shi ya kashe ta ba, amma wa zai gaya wa? Abin da ya fi tsaya mini a rai a littafin ba kisan ba ne, wani maƙwabci ne mai ɗan ƙaramin kare da suka yi kiciɓis da shi a matattakala, ya kalle shi sosai. Kallo kawai. Daga wannan lokacin duk sanda aka ƙwanƙwasa ƙofa ko waya ta yi ƙara sai cikinka ya ɗuri ruwa tare da na Ken. Na karanta shi a aji uku da tocila cikin bargo, batir ya mutu saura kamar shafi ashirin, na kwana ido biyu har aka kira assalatu.

In ka gama wannan sai ka nemi Come Easy Go Easy na 1960, wanda ni a wurina shi ne sarki, kuma na yi musu da mutane da yawa a kan haka ban sauka ba. Chet Carson ma'aikacin kamfanin da ke ƙera sef ne, irin akwatin ƙarfen nan na ajiyar kuɗi, ya san yadda ake buɗe kowanne. Shi da abokinsa suka je su buɗe na wani attajiri, abu ya ɓaci, aka kama shi aka kai shi wani mugun gidan yari, ya gudu. A hanya ya haɗu da Carl Jenson, wani ƙaton mutum mai zuciyar zinariya da ke da gidan mai da ɗan wurin cin abinci a wani ƙungurmin wuri da babu kowa, sunan wurin ma Point of No Return, wato inda in ka kai babu komawa. Jenson ya ɗauke shi aiki, ya yarda da shi, ya riƙe shi kamar ƙani. Chet ya samu natsuwa a karon farko, yana zuba mai yana wanke kwanuka yana jin kamar an sake haihuwarsa. To amma Jenson yana da mata, Lola, kuma yana da sef cike da kuɗin da ya tara shekara da shekaru, kuma Lola ta gano ko waye Chet. Ta ce ko ka buɗe ko in kira 'yan sanda. A nan zan tsaya. Ka lura dai da yadda mutumin ya tsara abin: mutum uku, gida ɗaya, sef ɗaya, titi ɗaya da ya miƙe ba iyaka, shikenan kayan aikinsa, amma numfashi sai ya gagare ka.

Na uku kuma zaɓi ya rage naka. In kana son labarin fashi da aka tsara kamar aikin injiniya, The World in My Pocket na 1959: maza huɗu da mace ɗaya suka sace mota mai sulke ɗauke da dala miliyan ɗaya, suka ɓoye ta cikin irin ɗakin nan da ake ja da mota, sai kuma buɗe motar ya zama aiki, ga kuɗi a gabansu taku ɗaya amma ƙarfe ya raba, suna ta cin junansu. In kuma ka fi son na mutum ɗaya da aka yi wa wayo, Just Another Sucker na 1961, inda Harry Barber tsohon ɗan jarida da ya fito daga kurkuku ya yarda ya taya matar wani attajiri shirya garkuwar ƙarya da 'yar mijinta, sai ga shi an ɗauke shi aiki a ofishin da ke binciken lamarin, kullum yana zaune ana tattara hujjar da za ta kai shi ga igiya. Akwai kuma There's Always a Price Tag na 1956, direba da matar maigida da kuɗin inshora da gawa a cikin firiza. Tun da na karanta shi ban ƙara kallon babbar firiza da ido ɗaya ba.

Yanzu maganar No Orchids, don na san wani zai ce ai shi ne ya fi suna me ya sa ban sa shi farko ba. Saboda ba shi ne ainihin Chase ɗin da muke so ba. Littafin saurayi ne mai son ya girgiza mutane, kuma ya girgiza su, har marubucin nan ɗan Ingila George Orwell ya rubuta maƙala a 1944 yana kokawa da irin rashin imanin da ke ciki, ya kuma nuna cewa ƙashin labarin ya yi kama da littafin Sanctuary na marubucin Amurka William Faulkner. 'Yar attajiri ce wasu ƙananan ɓarayi suka je satar sarƙar lu'ulu'unta suka ƙare da sace ta, sai wata babbar daba ta Ma Grisson da ɗanta Slim ta ƙwace ta daga hannunsu. Da muna yara labarin garkuwa da mutane abu ne na can wata duniya, muna karantawa kamar tatsuniya. Yanzu kuwa da kusan kowa a Arewa ya san gidan da aka taɓa haɗa kuɗin fansa, na sake ɗaukar littafin shekarun baya na kasa wuce rabi, abin ya daina zama nishaɗi. Ka bar shi sai ka karanta kamar goma, ka san mutumin, sannan ka koma ka ga inda ya faro. Ka kuma sani cewa ya sake rubuta shi a 1961, saboda haka wanda za ka samu a kasuwa da wuya ya zama irin na 1939 sak. Cigabansa shi ne The Flesh of the Orchid na 1948.

Bayan waɗannan sai ka shiga masu jerin taurari, kuma a nan ne kawai bin tsari yake da amfani. Na fi ƙaunar na Paradise City, wani gari da ya ƙirƙira a Fulorida inda masu kuɗi ke zuwa shan iska ɓarayi kuma na biye da su kamar ƙuda da mangwaro. Shugaban 'yan sanda Frank Terrell, Saje Beigler da ba ya rabuwa da shan kofi, sai kuma gwanina Tom Lepski, ɗan sandan ciki mai cika baki da ke firgita 'yan iska a titi amma in ya koma gida matarsa Carroll ta juya shi kamar waina, ga girkinta kullum sai ya ƙone. Faɗan Lepski da Carroll shi ne wurin da Chase ke barin ka ka yi dariya ka huta kafin ya sake shaƙe ka. Ka fara da The Soft Centre na 1964, sai The Way the Cookie Crumbles na 1965, sai Well Now, My Pretty na 1967 inda aka yi wa gidan caca fashi. In ka kai An Ear to the Ground na 1968 za ka haɗu da Al Barney, wani ƙaton mai tumbi da ke zaman bakin teku, ba ya ba da labari sai an saya masa abin sha, irin tsohon nan na tasha da ya san sirrin kowa a gari.

Mark Girland kuma ɗan leƙen asiri ne da ke zaune a Paris, ba don kishin ƙasa yake aiki ba, don kuɗi, kuma ba ya ɓoyewa. Littafi huɗu ne, ka bi su a jere: This Is for Real 1965, You Have Yourself a Deal 1966, Have This One on Me 1967, The Whiff of Money 1969. Helga Rolfe uku ce, An Ace Up My Sleeve 1971, The Joker in the Pack 1975, I Hold the Four Aces 1977, kuma dan Allah kar ka fara da na ƙarshe kamar yadda na yi, duk daɗin ya zube. Helga matar wani hamshaƙin attajiri ce gurgu, tana da ƙwaƙwalwar kasuwanci fiye da duk mazan da ke kewaye da ita, tana kuma da rauni ɗaya da kowa ke son ya kama ta da shi. A cikin matan Chase ita ce wadda ya zauna ya gina da gaske. Akwai Vic Malloy mai bincike mai zaman kansa a Orchid City, akwai Don Micklem da ya je Venice da Siena, waɗannan ba laifi amma ba su ne za su hana ka barci ba. Wanda ba na so ka wuce shi ne Maddox na kamfanin inshora, mutumin da ke shinshino ƙarya a takardar neman diyya tun kafin ya gama karanta ta, da yaronsa Steve Harmas. Duk littafin da ka ga sunan Maddox ya fito to ka tausaya wa mai laifin.

Af, na kusa mantawa da The Vulture Is a Patient Bird na 1969, wanda a makarantarmu har layi ake bi. Shi a Afirka ta Kudu yake, wajen duwatsun Drakensberg, an tura mutum huɗu su sato wani zobe mai guba na Cesare Borgia, wani basaraken Italiya na zamanin da, daga gidan wani attajiri da ya killace kansa a daji. Sunan kawai ya isa, mu da muka san ungulu ba ta jewar banza. Amma ka karanta shi da ido buɗe, don yadda ya zana baƙaƙen fata a ciki irin kallon Baturen zamaninsa ne, 'yan rakiya da masu gadi da masu farautar mutum da mashi, ba mutane masu tunanin kansu ba.

Tunda na taɓo wannan bari in faɗi sauran, don so bai hana ganin aibi. Matan littattafansa kusan kala biyu ne, ko muguwa mai kyau da za ta kai ka ta baro, ko baiwar Allah da ke gida tana jira. Akwai shaye-shaye a kowane shafi, akwai zina, akwai kalmomin raini ga wasu ƙabilu da yau ba za a buga su ba. Ba littafin da za ka miƙa wa yaro ɗan firamare ba ne, kuma bangon nan na kamfanin buga littattafai na Corgi da 'yan mata rabin tsirara ya sa da yawanmu mun sha bulala a banza, alhali sau tari hoton ba shi da alaƙa da labarin ko kaɗan. Mu dai da takardar siminti ko tsohuwar kalanda muke naɗe su, a rubuta sunan littafin lissafi a sama. A ƙasarsa ma bai tsira ba, a 1942 kotu a Landan ta ci shi tara shi da kamfanin da ya buga Miss Callaghan Comes to Grief saboda batsa. Sannan akwai maganar ɗauke-ɗauke, har sai da ya fito ya ba marubucin Amurka Raymond Chandler haƙuri a rubuce kan wasu wurare da ya ɗauko daga aikinsa ya sa a Blonde's Requiem. In ka ce mini Chandler ya fi shi iya jimla ba zan yi musu ba. Amma ka ba ni su biyu a motar Kano zuwa Maiduguri, na san wanda zan buɗe.

Batun Turanci kuwa kar ya tsorata ka, wannan shi ne babban dalilin da ya sa ya karɓu a wurinmu, da Ghana da Indiya da sauran wuraren da Turanci ba harshen uwa ba ne. Jimlolinsa gajeru ne, hira ta fi yawa, ba ya tsayawa yana yi maka bayanin launin gajimare. In kana da Turancin sakandare ka wuce. Abin da zai ɗan tsayar da kai zaurancen ne, kuma ba su da yawa: grand dala dubu ce, buck dala ɗaya, rod bindiga, dame mace, shamus mai bincike, sucker kuma shi ne gaɓon da aka yi wa wayo, wanda yawanci shi ne tauraron littafin. Kar ka ajiye ƙamus a gefe kana dubawa kowane layi, za ka kashe gudun labarin, kuma gudun shi ne komai. Ka wuce kawai, kalmar za ta sake dawowa sau biyar, a na uku ka gane ta. In dole ne ka ja mata layi da fensir ka duba bayan ka gama babi. Da yawa daga cikin 'yan zamaninmu da ake yaba wa Turancinsu, in suka faɗi gaskiya, ba a aji suka koya ba. 'Yan'uwa na Nijar da Chadi da Kamaru masu Faransanci kuma ku ba ku da matsala, Faransawa sun fi 'yan ƙasarsa ɗaukarsa da daraja, kamfanin Gallimard ya fassara shi cikin jerin littattafan labaran laifi mai suna Série Noire, labarin Miss Blandish ma shi ne na uku a jerin gaba ɗaya.

Ga wata dabara da na koya da kaina wadda ta sa nake sake karanta tsofaffin ba tare da gundura ba. Kana cikin karatu, ka nemi shafin da mutumin zai iya juyawa ya koma gida lafiya amma bai juya ba, ka naɗe kusurwar shafin. Kusan kowane littafi yana da shi, kuma yawanci ba wurin da ka zata ba ne. Ba ranar da aka harba bindiga ba ce, tun can baya ne, lokacin da ya karɓi lambar waya ya sa a aljihu maimakon ya yar, ko lokacin da ya ji an ambaci adadin kuɗi ya yi shiru yana lissafi a zuci. Sannan ka lura da ƙaramin abin da zai tona asirin, don Chase ba ya kawo shi daga sama, ya riga ya ajiye maka shi a gabanka tun babi na biyu ko na uku, wani maƙwabci mai sa ido, wata mota da aka gani inda bai kamata ba, wata ƙarya ƙarama da aka yi ba dole. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma daɗin shi ne ka gano da kanka ta ina zai ƙure kafin marubucin ya nuna maka. Na fi cin nasara a na Paradise City, na Maddox kuwa kullum sai ya riga ni.

Kar ka yi masa karatun haɗama. Wannan kuskuren na yi shi a wani dogon hutu, na karanta goma sha ɗaya a jere, daga na bakwai sai suka fara narkewa cikin juna, na rasa wace mai jan gashi ce ta wane littafi. Mutumin da ke fitar da littafi biyu a shekara dole ya maimaita kansa, kuma na ƙarshe-ƙarshen nan na shekarun 1980 ƙarfin ya ragu, har zuwa Hit Them Where It Hurts na 1984 wanda shi ne na ƙarshe. Biyu ko uku, sai ka huta da wani abu daban. In ka ji ka fara gajiya da Amurkar tasa ka ɗauki waɗanda ya kai wasu ƙasashe, The Wary Transgressor na 1952 a Milan ta Italiya, ko A Lotus for Miss Quon na 1961 a Saigon ta Biyetnam. Ko kuma Eve na 1945, wanda babu fashi babu 'yan daba, marubuci ne da ya ci sunan da ba nasa ba, ya kuma haukace a kan macen da ba ta damu da ko yana raye ba. Shi ne aka yi fim ɗinsa a 1962 da 'yar fim ɗin Faransa Jeanne Moreau. Fina-finan da aka yi daga littattafansa sun kai wajen 50, akwai The Grissom Gang na 1971 da Palmetto na 1998, amma ka karanta kafin ka kalla, in ba haka ba fuskar ɗan fim za ta maye wadda za ka zana da kanka.

Saura neman littattafan. Sababbi dal da wuya a shagunanmu, gwanjo za ka bi, wurin masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa kusa da gidan waya ko bakin kasuwa ko ƙofar jami'a, kuma ka tambayi tsofaffin gidanku, za ka sha mamakin wane Alhaji ne ke da akwati irin nawa. Wasu kuma ana samunsu a intanet a karanta a waya, ko da yake ni idona bai jure wa. In ka ga an rubuta Raymond Marshall a bango kar ka wuce, shi ne, da wannan sunan ya fara fitar da irin su The Paw in the Bottle da The Sucker Punch da Hit and Run, ya kuma yi amfani da James L. Docherty da Ambrose Grant. Ka kiyayi sayen abu ɗaya sau biyu, don wasu an canza musu suna, Figure It Out for Yourself shi ne The Marijuana Mob, sai ka karanta shafin farko a tsaye kafin ka biya. Kar ka nuna wa mai sayarwa zumuɗi, ka haɗa shi da wasu littattafai biyu da ba ka damu da su ba ka yi ciniki a dunƙule, in ya ga idonka ya tsaya a kan Chase kuɗin ya ninka.

Kuma ka juya bayan littafin ka tabbatar shafin ƙarshe yana nan. A makaranta yayyaga littafi ake yi kashi uku ko huɗu don mutum huɗu su karanta lokaci guda, mai kashin farko ya miƙa wa na bayansa, kuma kashin ƙarshe shi ne kullum ke ɓata. The World in My Pocket ɗin da na fara samu haka yake, ya tsaya ana tsakiyar hawan dutse 'yan sanda na biye, na yi shekara huɗu ina tambayar duk wanda na gani da Chase a hannu yadda aka ƙare, kowa da irin ƙarshen da zai ba ni. Ɗan yayan nawa dai Tiger by the Tail na ba shi, na ƙirga shafukan a gabansa, na sa ya rubuta sunansa da kwanan wata a bayan kalanda. Jiya da daddare wajen ƙarfe ɗaya saura ya turo mini saƙo a WhatsApp, wai "Kawu mai karen nan zai tona masa asiri ne?" Ban ba shi amsa ba.